Bandir Ɗin Da Kawu Ya Ƙi Yankawa

Duk wanda na kira a waya ranar, tambayar da ya fara yi mini ita ce wane Kawun, kamar muna da wani Kawun a garin Bowie na jihar Maryland. Sai na sake faɗa, sannan in ji salati daga can ɓangaren. Na Allah muke, gare shi za mu koma, wannan kowa ya haddace, amma wallahi babu wanda ya shirya jin sunan Kawu a wannan makon. Ranar Juma'a an gan shi a harabar masallaci yana tsiyar wani magidanci a kan wandon da ya fi ƙarfin ƙafarsa. Ranar Asabar da hantsi ya ɗauki shebur ya fita kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gida, Inna matarsa tana ce masa ya bari yara su zo. Shayin da ta haɗa masa bai huce ba ta leƙa taga ta hango shi kwance.

Wani likita abokinsa ya tuƙo mota tun daga Fort Washington cikin wannan santsin, ya iso ƙofar gida, ya kashe mota, ya kasa fitowa, sai da aka je aka buɗe masa. Wani ma'aikacin rediyo, wanda kullum yake karanta wa duniya labarin mutuwar manya muryarsa ko rawa ba ta yi, shi aka ba sanarwa a masallaci. Ya zo kan sunan Kawu ya tsaya cak, liman ne ya ƙarasa masa. Mata a falo sun yi jugum, babu mai kuka sosai, ana ta kallon ƙofar ɗakin ƙasa kamar zai hauro da tef ɗinsa na awo a wuya ya tambayi dalilin taron. Ni kuwa da nake aikin jinya, na ga gawa ba adadi, haushi ne ya riga baƙin ciki kama ni. Haushinsa nake ji, shi da taurin kansa da shebur ɗinsa.

Inda abin ya fi dukan mutane shi ne da aka zo maganar likkafani. Shekara da shekaru, duk Bahaushen da ya rasu tsakanin Maryland da Virginia, Kawu ne yake yanka masa likkafani, kyauta, da farin yadin da ba ya rabuwa da shi. Da aka ce a shirya likkafani, wani dattijo ya ɗaga murya ya ce to a kira Alhaji tela mana. Sai ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya ja hannun rigarsa ya rufe fuska. A ƙarshe wani Basomale daga masallaci ne ya zo ya yanka.

Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don akwai maganar da ake ta juyawa a gidajen suna da biki, kowa da irin tasa. Maganar bandir ɗin maƙwabcinsa ce, yadin amana da aka yanka a gidan bayan an binne shi, har Inna ta daina cin abinci don tsoron ta ɗora wa mijinta hakkin mutum yana cikin kabari. Ina wurin aka yi, don haka bari in faɗa yadda abin yake. Amma sai an san Kawu tukuna.

Kawu yayan mahaifiyata ne. A gidan masaƙa aka haife shi, a wani ƙauye na ƙasar Zazzau. Da ya girma ya shiga masaƙar zamani a Kaduna, aikinsa duba yadi kafin ya fita kasuwa. Ya yi shekaru yadi na wucewa ta gabansa, har neman aibi ya zame masa jiki. Da masaƙun suka mutu, ɗansa, wanda nake ce wa Yaya, ya ɗauko shi da Inna ya kawo su Bowie a farkon shekarun dubu biyu, wai su huta. Ba a je ko'ina ba Kawu ya ce zaman kallon talabijin zai kashe shi. Aka saya masa keken ɗinki, ya sauka ɗakin ƙasa ya mayar da shi shago.

Ba a gaisawa da Kawu a tsira. Yana riƙe da hannunka na dama, hannunsa na hagu yana juya bakin rigarka yana duba kalmasa. Daga nan sai ka ji, “Wa ya yi maka wannan aika-aika?” Idan ka ce daga Kano aka aiko, ya ce ai Kano ma akwai masu gaggawa. Ba ya duba yadi a hasken lantarki. Sai ya ɗauko shi ya hauro sama, ya tsaya jikin tagar kicin, ko Inna na tsakiyar tuƙa tuwo sai ta matsa masa. Wannan ne faɗansu na kullum, kuma ina jin da babu shi da sun rasa abin hira.

Alherinsa ma ta allura yake bi. Idan ɗalibi ya zo daga gida a lokacin sanyi, ranar Juma'a za ka gan shi cikin kaftani yana karkarwa, don bai yarda ya je masallaci da jaket ba. Kawu ba zai ce masa komai ba, sai ya ce kaftanin nan wuyansa ya karkace, a kawo ya gyara. Idan ya dawo da shi, an shimfiɗa masa yadi mai ɗumi daga ciki, ba a gani daga waje. Da yawa cikin waɗanda suka ɗauki gawarsa sun sa irin wannan kaftanin a shekararsu ta farko.

Ni da shi kuwa mun sha yi. Mafi girma shi ne na ankon sunan 'yata. Atamfar da aka aiko daga gida ba ta isa ba, na sa aka ƙaro irinta. Kawu ya kai su taga, ya ce ba rini ɗaya ba ne, ta biyun ta fi ta farkon duhu, shi ba zai haɗa su ba. Na ce Kawu suna ne fa, ba gasar atamfa ba. Ya ce in kai wa wanda ba ya gani. Na kwashe kayana cikin fushi na kai wa wata tela a Manassas, aka yi suna, aka ci aka sha, babu mace ɗaya da ta lura, kuma matanmu ba sa barin irin wannan ya wuce su. Na zo har ɗakin ƙasa don in gaya masa babu wanda ya gani. Bai ɗago daga keke ba ya ce, “Ni na gani.” Har yau ina ganin ni ce da gaskiya, kuma har ya rasu bai yarda ba.

Maƙwabcinsa na dama wani Bature ne, tsohon ɗan kwana-kwana da ya yi ritaya, kakanninsa mutanen Sukotlan. Yana busa irin algaitar nan tasu mai jakar iska a hammata, kuma a gareji yake gwaji. Wata la'asar Kawu ya fita da niyyar gaya masa ya rage, mutane na salla. Ya tarar da shi ɗaure da siket ɗin maza na ƙasarsu, wanda suke kira kilt, na yadin ulu mai ratsi tsaye da kwance, tatan suke ce masa. Maganar ƙara ta bi ruwa. Kawu ya durƙusa yana juya bakin siket ɗin mutum, yana cewa ai wannan saƙi ne, irin na gidansu, launi kawai aka ƙara. Tun ranar ya raɗa masa Sarkin Busa, sunan ya bi shi har a bakin jikoki.

Sarkin Busa ya ba shi wani tsohon kilt, Kawu ya warware shi zare-zare don ya ga yadda aka yi, sannan ya mayar. Da hannu ake ɗinkinsa, kuma yana cin yadin da zai yi babbar riga har da saura, don bayansa duk ninki ne. Kowane ninki sai ya faɗa a kan ratsi ɗaya da na kusa da shi. Ƙasansa kuma ba a yi masa kalmasa, bakin yadin yadda ya fito daga masaƙa shi ne bakin siket ɗin. Sannu a hankali abokan busar maƙwabcin suka fara kawo gyara, daga gyara sai sabon ɗinki. Mutanenmu suka samu abin tsiya, wai Alhaji ya koma ɗinka wa ƙarti zane. Kawu ya ce a ƙauyensu kowane magidanci da zane yake fitowa da safe, har kakannin masu dariyar.

A shekarar da zai rasu, 'yar Sarkin Busa ta tashi aure. Uban ya ce zai sa tatan na gidansu na kansu, shi da ɗansa da ƙanensa. Ya zauna ya zaɓi launuka, kore da shuɗi da siririn ja, ya aika wa wata masaƙa a Sukotlan ta saƙa masa musamman. Wata da watanni yana jira, kullum sai ya leƙo ya ce wa Kawu ya wasa almakashi. Ranar da bandir ɗin ya iso da kansa ya rungumo shi ya tsallako ciyawar da ke tsakanin gidajen. Na zo duba hawan jinin Inna, na bar ta kwance a ɗakinta, don haka a gabana aka yi, ba a gabanta ba.

Kawu ya sa muka kwashe komai daga teburin kicin, ya fara warwarewa a hasken taga. Tun daga yadda ya ƙura masa ido na san akwai magana. Ya nuna mana bakin yadin na gefe ɗaya, ya yi gashi-gashi yana lanƙwasa, kuma shi ne zai zama ƙasan siket. Ya ɗora tef a kan gidajen ratsin, na farkon bandir sun fi na ƙarshe tsawo, ya ce ba a daidaita bugun zare ba, ninki ba zai hau kan ninki ba. Daga tsakiya kuma koren ya canja, alamar zare ya ƙare musu suka rina wani. Ni sai da na ƙura ido sosai na ga wannan aibin na uku. Ya ce wa maƙwabcin ya mayar musu, kuma kada almakashi ya taɓa shi, don masaƙa ba ta karɓar yadin da aka yanka.

Sarkin Busa ya kira su. Suka ce ya aiko da shi ɗungurungum yadda yake za su sake saƙa wani, amma ba su yi alkawarin zai iso kafin biki ba. Daga nan rigima ta fara. Kullum sai ya shigo ya ce a yanka haka nan, babu wanda zai kwanta a ƙasa yana duba bakin siket ɗin uban amarya. Kullum Kawu ya ce ba da hannunsa ba. Ni bayan maƙwabcin na bi, ban ɓoye ba. Na ce Kawu ka tuna ankona. Ya ce anko na yini ɗaya ne, wannan kuwa jikan mutumin ne zai gada.

Ranar ƙarshe da suka haɗu, a ɗakin ƙasa ne, ina tsaye a matakala. Fuskar Sarkin Busa ta yi ja, ya ce, “Ko dai idon ne ya gaji, tsoho, kake tsoron aikin?” Na san babu inda za a soki Kawu ya ji kamar nan. Kawu ya naɗe bandir ɗin a hankali, ya lulluɓe shi da tsohon zanen gado, ya ɗora a saman kanta, ya ce ga shi nan, ya kai wa duk telan da ya ga dama. Maƙwabcin ya fita bai ɗauka ba. Washegari ya yi tafiya wajen 'yarsa a wata jiha, shirye-shiryen biki. Yana can Kawu ya rasu.

Ranar sadakar uku aka aike ni filin jirgi ɗauko 'yar Kawu da ke aure a Atlanta, wadda ƙanƙara ta hana jirginta tashi sai ranar. Bayan fitata Inna ta ce a sauka ɗakin ƙasa a fitar da abin da za a yi masa sadaka da shi. Ita ba ta sauka can saboda gwiwa, mata ne suka sauka. Kayan mutane duk Kawu ya ɗaure su da ƙyalle da sunan mai su, suka ware su gefe. Bandir ɗin kuwa babu suna, don mai shi ƙofa da ƙofa suke. Suka buɗe zanen gado suka ga ulu mai kauri mai ratsi-ratsi, irin bargon da kowa ya sani a kasuwa a gida. Suka ce Allah sarki, Alhaji ya sayo na ɗalibansa bai kai ga rabawa ba. A makon kuwa masallaci yana tara barguna don masu kwana a waje. Inna ta ce babu sadakar da ta fi wannan a irin wannan sanyi.

Da na shigo da akwati a hannu, ƙarar keken Kawu na fara ji. Na leƙa ɗakin cin abinci. Ga babban almakashinsa a hannun wata baiwar Allah 'yar Nijar, ga kore da shuɗi da siririn ja a shimfiɗe a tebur, gunduwa-gunduwa. An hauro da keken sama, wata tana bin bakin kowace gunduwa da kalmasa. Ban san na yi ƙara ba sai da na ga kowa ya juyo. Mai almakashin ta ce, “Mi ya faru, ɗiyata?” Na tambaya ina sauran. Aka ce mota ta riga ta tafi da su masallaci tun kafin azahar, an ma raba. Biyu ne suka rage.

Na faɗi na wane ne, na faɗi abin da ya sa Kawu ya ƙi yanka shi, kuma ban faɗa da ladabi ba, ina cikin ruɗewa. Matar ta ajiye almakashin kamar ya ƙone ta. Inna tana zaune a kan darduma cikin kayan takaba, ta dube ni ta ce, “Na mutum ne?” Na ce na mutum ne, Inna. Ta ce a wajen jana'iza an tambaya ko akwai mai hakki a kansa, babu wanda ya tashi, ta yi wa Allah godiya. Yanzu ga shi ita da hannunta ta ɗora masa.

Kowa ya kawo shawara. Yaya ya ce zai sa a saƙo wani ko nawa ne, na ce masa wata nawa aka yi ana jiran wannan. Wata ta ce a bi waɗanda aka ba a karɓo a harhaɗa, Inna ta ce ba za a cire bargo daga jikin mai jin sanyi da sunan mijinta ba, kuma ko an karɓo an riga an yanka. Aka kira liman ya zauna ya yi mata bayani a natse, cewa babu laifin mamaci a abin da bai aikata ba, su ma matan kuskure ne, a biya mai kaya shi ke nan. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, “Malam, a hannunsa aka bari. Da almakashinsa aka yanka.” Daga ranar ta rufe bakinta. Kunu ma sai na tsaya a kanta take kurɓa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce mata sikarinta zai faɗi mu yi biyu, ta ce ita dai sai ta ji daga bakin mai shi. Raina ya ɓaci da ita ƙwarai, amma tsoro ya fi yawa.

Ranar sadakar bakwai Sarkin Busa ya dawo. Ya ga motoci cike da layi ya ɗauka suna ake yi. A bakin hanya wani ya gaya masa. Ya shigo ko jakarsa bai kai gida ba, ya cire takalma a ƙofa, ya tsaya a tsakiyar mutane yana duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya, bakinsa a buɗe. Ya tambaye ni yaushe, na gaya masa. Ya sake tambaya yaushe. Na kai shi wajen Inna, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ni ina tsakani ina fassara.

Ya yi mata gaisuwa yadda ya iya. Sannan, don ya sanyaya mata rai, ya ce in gaya mata mijinta ne da gaskiya. Ya ce a hanya ya yi ta tunani, ya yanke shawara zai mayar da yadin yadda tsohon ya ce, ko da zai sa tsohon kilt ɗinsa ranar biki. Ya ce ba gaggawa, duk ranar da hankali ya kwanta a miƙo masa bandir ɗin. Wallahi na rasa yadda zan juya wannan zuwa Hausa. Matan da suka ji Turancin suka sunkuyar da kai, mai almakashin ta tashi ta shige kicin.

Na ce wa Inna ta bari Yaya ya same shi daga baya. Ta ce a'a. Ta sa aka ɗauko guda biyun da suka rage, ta sauko daga kujera da wannan gwiwar tata, ta durƙusa ta ajiye su a gabansa. Ta faɗa masa komai, ba ta ambaci sunan kowa ba, ta ce ita ta ba da umarni. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya bi kalmasar da yatsa. Na ga wuyansa ya yi ja har kunne. Ya ajiye, ya tashi. Takalmansa ma a hannu ya fita da su, ya taka ƙanƙara da safa.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin irinsu ba. Labulensa a rufe, garejin shiru. Inna ta rame, idanunta suka faɗa, tana zaune tana jan carbi tana kallon bangon da ke ɓangaren gidansa. Sau da yawa na sa takalmi zan je in buga masa ƙofa in tambaye shi ko sai tsohuwa ta mutu a kan ulu zai huce. Inna ta hana ni. Ta ce kayansa ne, yana da ikon yin fushi, kuma abin da take nema ba a karɓo shi da faɗa.

Wata la'asar ya ƙwanƙwasa. Yaya bai daɗe da dawowa daga aiki ba, ko jaket bai cire ba. Sarkin Busa ya zauna a bakin kujera, ya ce ba zai yi ƙarya ba, ya yi fushi. Ya kira masaƙar, sun ce tunda an yanka babu ruwansu. Ya ce ya ji haushin matan, ya ji haushin tsohon, ya ji haushin kansa. Sannan ya ce, “Na yi ta roƙonsa ya yanka, ya ƙi. Bai gama kwanciya ba kuka yanka masa.” Ya fara dariya, dariyar ta juye, ya rufe fuska da tafin hannu, ƙaton mutum yana girgiza. Ni ma a nan ne kukan Kawu ya zo mini, karo na farko.

Da ya natsu ya faɗi maganar da ya gaya wa Kawu a ɗakin ƙasa, ya ce ita ce ta hana shi barci, ya tambaya ko tsohon ya tafi da ita a rai. Na fassara. Inna ta ce wannan tsakaninsu ne, ba ta da ikon sauke masa, ba kuma za ta yi masa ƙarya ba. Abin da ta sani kawai, Kawu bai taɓa kawo mata ƙararsa ba, ko sau ɗaya, shi ya sa ma ba ta san da zancen yadin ba. Ya gyaɗa kai.

Sai ya tambaye ni me take so ya yi, don ya ga yadda ta koma. Na ce ba biya take tsoro ba, Yaya zai biya. So take ta ji da kunnenta cewa babu komai nasa a wuyan mijinta. Ya juya ya fuskance ta sosai, ya ce yadin nasa ne, kuma ya bayar, wanda aka raba da wanda ya rage, ya yafe, ba ya bin tsohon komai, duniya ko bayan duniya. Na fassara. Inna ta ce in sake. Na sake. Ta ce ya ƙara faɗa da bakinsa, ya ƙara, tana kallon leɓensa ko da ba ta jin yaren.

Yaya shi ne ɗanta na fari, kuma tun da nake ban taɓa jin ta yi masa magana kai tsaye ba, sai dai ta ce a gaya wa wancan, ko ta yi zancen tana kallon bango. Ranar ta juya ta dube shi ido cikin ido.

“Ɗauki mota ka je maƙabarta yanzu, kada ka bari sai gobe,” in ji ta. “Ka yi masa addu'a, ka ce masa ya kwanta, babu kayan kowa a wuyansa.”

Yaya ya tsaya yana kallon uwarsa, sannan ya lalubi makulli a aljihu ya fita. Allah ya isar da saƙon. Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya duba aikinsa da idon rahama.